Agashe Da Karkade: Abin Da Mutanen Umdurman Ke Korawa Da Shi In Sun Gasa Nama

Duk wani falke namu da ya taɓa bi ta ƙasar Sudan kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, ko a kan hanyar Umra ko wajen neman kaya, da wuya a ce masu masaukinsa ba su ɗauke shi zuwa cin nama a yammacin Umdurman ba. Can gaba da Kasuwar Libiya, ta wajen babbar kasuwar dabbobi ta Muwailih, akwai wani wuri da ake kira Gandahar, wanda a wancan lokaci ba ya rabo da hayaƙi. Tsarin wurin shi ne mutum ya tsaya gaban mahauci ya nuna cinyar rago ko haƙarƙarin da ransa ke so, a auna masa da kilo, sannan ya miƙa wa ɗaya daga cikin matan da ke da rumfuna a wurin ta gasa masa. Shi kuwa sai ya kishingiɗa a kan gadon igiya da suke kira angareb, yana jira. In an kawo tire, za a ga naman da suke kira shayya, ga burodi, ga kwaɗon tumatir da albasa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ga barkono da aka dama da lemun tsami. Abin sha kuwa, a rumfar ko a gidan da za a koma, sau da yawa wani jan ruwa ne mai sanyi wanda Bahaushe na ganinsa zai yi murmushi, domin ba komai ba ne illa zoɓo. Su karkade suke ce masa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne wata tambaya da ke yawan zuwa daga matasan 'yan kasuwa da suka fara shiga manyan otal-otal na Abuja, Yamai ko Dubai tare da abokan cinikinsu na ƙetare. Suna ganin duk lokacin da aka kawo wa Bature tsokar sa mai kauri da aka gasa, wadda suke kira sitek, sai ya nemi jan ruwan inabi mai sa maye, kuma ma'aikacin otal ya tsaya yana yi masa dogon bayani kan wace kwalba ce ta dace da wane yanki na nama. To mene ne sirrin, kuma mu da addini ya haramta mana wannan kwalba, me za mu ajiye a gurbinta? Amsar tana Hartum da Umdurman, kuma rabinta kayanmu ne da muke auna wa baƙi da tiya a Maigatari ranar Alhamis.

Bari mu fara da sirrin, don bai taka kara ya karya ba. Nama mai kitse yana shafe harshe da dasashi da maiƙo, bayan loma biyar ko shida sai mutum ya ji ya ginshe shi, ɗanɗanon ya dushe. Jan ruwan inabi yana da abu biyu da ke wanke wannan maiƙo: tsami, da kuma bauri. Baurin yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa. Majemanmu sun san shi tun kaka da kakanni ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ƙarfin bagaruwar da ake jima da ita, shi ne kuma abin da ke sa baki ya ɗaure in an tauna ɗanyen goro ko an sha shayin da ya daɗe a wuta. A shekarar 2012 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Paul Breslin, suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Current Biology, inda suka ba mutane busasshen nama mai kitse, wasu na kurɓar shayi tsakanin loma da loma, wasu na kurɓar ruwa. Masu shayin sun fi jin maiƙon ya bar bakinsu. Mai karatu zai lura cewa da shayi aka yi gwajin. Wato maye ba shi da hannu a cikin aikin, tsami da bauri ne ke yin sa, kuma waɗannan biyun Allah ya hore mana su a gona da daji.

Mutanen Sudan dole ta ƙara musu ƙwarewa a wannan fanni. A da can Hartum na da mashaya a fili, har da kamfanin giya a Bahri da ke yin wata mai tambarin raƙumi. A watan Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya kafa dokokin Shari'a, aka tuttular da kwalabe a Kogin Nilu a gaban jama'a. Sai a watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta dokar ga waɗanda ba Musulmi ba kawai. A tsawon waɗannan shekaru duk wani biki na fili, daga ɗaurin aure har liyafar gwamnati, da karkade da aradeb da gongolez ake yin sa, wato zoɓo da tsamiya da garin 'ya'yan kuka. Ba mu ce babu masu shan aragi a ɓoye ba, kowane gari da nasa. Amma abin sha na kan tire, wanda uwargida ke alfahari da shi in baƙo ya zo, waɗannan ukun ne.

Naman da ya tafi da sunansa

Kafin mu shiga yadda ake haɗa su, akwai wani nama a Hartum da ya kamata mu tsaya a kansa, domin namu ne. Da zarar la'asar ta yi sanyi, a bakin tituna da kusurwoyin unguwanni za a ga an hura gawayi, an kafa tsinkaye kewaye da wuta, an rubuta a allo da Larabci: agashe. Suna rubuta kalmar da harafin ƙaf, wanda a bakinsu yake fita kamar "ga". Kalmar ba ta da tushe a Larabci, kuma su kansu Sudanawa ba sa musun cewa daga Hausawa ta zo. Ana yanka nama siriri, a shafe shi da garin gyaɗa da yaji da mai, a soke a tsinke, a gasa a gefen garwashi, a kawo da albasa da lemun tsami. Ɗan Kano zai ce tsire ne, kuma ya yi gaskiya. Abin da suka ƙara shi ne sun faɗaɗa shi zuwa kaza da kifin Nilu, suka kuma shigar da shi manyan gidajen abinci masu kujeru da fitilu.

Yadda ya isa can sananne ne. Tun ƙarnoni da suka wuce maniyyatanmu ke takawa da ƙafa ta Barno, Wadai, Darfur da Kurdufan zuwa tashar Sawakin, tafiyar da kan ci shekaru, wasu su yi noma ko sana'a a hanya don neman guzuri, wasu kuma su zauna ke nan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a mai yawa, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, hannun mutanenmu ya yi aiki ƙwarai a ciki. Mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Umdurman, A'isha Falatiya, wadda ta rasu a 1974, jinin waɗannan matafiya ce. Har markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke kira dakwa, kunnen Bahaushe ba zai kasa jiyo dakuwa a cikinta ba. Sai dai abin takaici, cin agashen mutum bai hana a tambayi asalinsa. A watan Yulin 2022 rikici kan sarauta da ƙasa a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan mutane fiye da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da wasu garuruwa suna cewa su ma 'yan ƙasa ne, bayan kakanninsu sun shafe fiye da ƙarni a can.

Kowane nama da abokinsa

To yanzu mu koma tsakar gida, domin gashin da ya fi daɗi a Sudan na gida ne, musamman ranar Babbar Sallah. Da an yanka ragon layya, maza na fiɗa, mata sun riga sun hura kurfotin da suke kira kanun. Kafin komai wasu gidaje kan fara da marara, wato ɗanyar hanta da huhu da tumbi da aka kwaɗa da albasa, barkono, gyaɗa da ɗigon matsarmama. Wannan kam ba mu ba kowa shawarar ya gwada ba, likitocinsu ma sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Bayanta sai shayya, iri biyu: wadda ake ɗorawa kan garwashi kai tsaye, da wadda ake soyawa cikin kitsenta a faffaɗan kasko.

Shayyar rago ita ce ainihin abokiyar karkade. Ragunan Kurdufan, irin su Hamari da Kabbashi waɗanda ake lodawa zuwa Saudiyya ta Sawakin, suna da kitse mai nauyi kamar na balami da aka turke wata uku. Irin wannan nama yana son zoɓo mai kauri, ja har ya yi duhu, wanda tsaminsa ke nan daram. Haka ma tozo, haka haƙarƙarin sa, haka balangun da aka bar masa kitsensa. A kurɓa kaɗan bayan kowace loma biyu ko uku, kada a bari sai an gama a ɗaga jug. Wanda ya yi haka zai ji loma ta ashirin tana da daɗin ta farko, kuma wannan shi ne duk abin da Baturen otal ke biyan dubban kuɗi a kansa.

Agashe kuwa halinsa daban. Kitsensa kaɗan ne, nauyinsa na gyaɗa ne, zafinsa na barkono. In aka bi shi da zoɓo mai tsananin tsami da citta a ciki, zafi ya haɗu da zafi, harshe ya rasa inda zai sa kansa. A nan mu mun fi son tsamiya, aradeb ɗinsu, wadda tsaminta ke da ɗan zaƙi a ƙarƙashi, ko kuma gongolez, wanda yake fari mai ɗan kauri, yana kwantar da baki. In yajin ya wuce misali babu kamar nono, domin sinadarin da ke sa barkono zafi a maiƙo yake narkewa, ruwa ba ya ɗauke shi. Hausawan Sudan suna da abin da suke kira godogodo, ɗan'uwan fura da nono, kuma ba laifi ba ne a ajiye shi kusa da tiren agashe. Kifi da kaza ba sa buƙatar dogon tunani, lemun tsami da aka markaɗa da na'ana'a ya ishe su.

Amma fa akwai inda mu a nan gida muke ɓata lamarin, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Zoɓon da ake sayarwa a tashoshinmu da bakin kasuwanninmu cikin gorar roba, yawancinsa ba zai iya wannan aiki ba. An tafasa shi har ya gaji, an zuba kanwa don a kashe tsamin, an ɗura sukari, an ƙara garin ƙamshi na leda mai ɗanɗanon abarba ko kola. Kanwar nan ita ce babbar ɓarna. Tana cinye tsamin da ake nema, shi ya sa ma launin ke juyawa daga ja zuwa baƙi-baƙi da zarar an jefa ta. Abin da ya rage shi ne ruwan sukari mai launi, wanda in ya bi bayan kitse sai ya ƙara ginsa. Ba mu ce mutanen Sudan ba sa son sukari ba, duk wanda ya sha shayin matan bakin titi na Hartum ya san cokalinsu ba ya tsoro. Sai dai mun ga gidaje da yawa da ke jiƙa karkade a ruwan sanyi maimakon tafasawa, kuma ba sa haɗa shi da tarkace.

Ga yadda muke yi a gida, ga mai son gwadawa. Tun da safe a ɗebi busasshen zoɓo cikin tafin hannu biyu, kimanin giram 60, a ɗauraye shi sau ɗaya da sauri don ƙura ta fita, a zuba a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce. A yi amfani da kwalba, roba mai kyau ko tulun ƙasa, kada a jiƙa a tukunyar dalma ko ta baƙin ƙarfe, domin tsamin na cin ƙarfe ya canja ɗanɗano. A rufe a bar shi awa 6 zuwa 8. A tace, a sa sukari cokali biyu ko uku kacal, a ɗanɗana. In ana son ƙamshi, kanumfari uku ko ɗan guntun kirfa sun isa. Wanda ke son baurin ya fito sosai, saboda naman na da kitse ƙwarai, sai ya dafa baƙin shayi rabin kofi ba madara, ya huce, ya juye a ciki. A sanyaya shi amma kada ya zama ƙanƙara, don tsananin sanyi na daskarar da kitse a dasashi, abin da duk wanda ya taɓa bin balangu da ruwan firji ya sani.

Naman kuma, in tsoka mai kauri ake so irin ta Turawa, a ce wa mahauci ya yanko daga gadon baya, kaurin yatsu biyu, kada ya feɗe kitsen gefe. A sa gishiri tun awa ɗaya kafin gashi. A jira gawayi ya daina harshe ya yi fari, sannan a ɗora, minti huɗu ko biyar kowane gefe, a matsar da shi gefen wuta ya ƙarasa. Mu dai ba ma cin nama da ja a ciki, kuma da yanayin mayankanmu da zafin garinmu muna da hujja. In an sauke a rufe shi da kwano minti biyar kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba romon zai tsiyaye a faranti. Yaji a gefe, kowa ya dangwala.

Wata 'yar fadakarwa ga dattawa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka ba mutum 65 masu ɗan hawan jini ko dai kofi uku na zoɓo kullum ko wani abin sha na kwaikwayo har mako shida, aka ga awon jinin masu zoɓon ya sauka da kusan maki 7. Wannan albishir ne ga mai cin kitse, amma wanda ke shan maganin hawan jini, da mace mai ciki, su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi ruwan sha. Mai ciwon sukari kuma ya sha shi gaya.

Akwai kuma abin sha ɗaya da ba za mu tsallake ba, domin duk wanda ya yi Sallar layya a Umdurman an miƙo masa shi. Sunansa sharbot. Dabino ake dafawa ko jiƙawa da citta da kirfa da sauran kayan ƙamshi, wasu su sa yis ko tsiron dawa, a rufe ya kwana, a sha bayan nama wai don ya narkar da shi. Kowace shekara sai an yi ta muhawara a kansa a ƙasar, domin tsakaninsa da giya kwanaki ne kawai. Jiƙon dabino shi kansa halal ne, ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW), yana sha har zuwa kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Amma da zarar an sa yis an toshe bakin tulu a zafin Umdurman, lissafin ya canja, ba ya jiran kwana uku. Shawararmu ga baƙo ita ce in ya ga kumfa na tashi, ko warin ya bugi hanci, ya ce a ba shi karkade. Ba wanda zai ji haushi.

Daga kofi zuwa buhu

Wannan duk hira ce ta tire, amma ga mai sayen zoɓo a Maigatari, Mai'aduwa, Jibiya ko Ɗan Isa, akwai kuɗi a cikinta. Sudan ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da zoɓo a duniya, kuma na Kurdufan, musamman na yankin Rahad da Ummu Ruwaba da ake tarawa a kasuwar amfanin gona ta Al-Ubayyid, ya yi suna wajen kamfanonin shayi na Jamus saboda duhun launinsa da ƙarfin tsaminsa. Yawancinsa mata ne ke noma shi a gefen gonar gero da riɗi, da ruwan sama, kamar dai yadda ake yi a Jigawa da Damagaram. Suna da wani ɗan bututun ƙarfe da suke kira gargara, wanda ake tura ƙwallon gurguzu da shi ya fita ya bar kofin zoɓon a dunƙule bai yage ba, kuma wanda ya fita a dunƙule ya fi daraja wajen mai saye.

Namu kuwa mafi yawansa Meksiko yake tafiya. A can hamaika suke kiransa, kuma abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne da gasasshen naman sa da barkono suke shan sa, a rumfunan bakin titi, kamar dai Gandahar. Wato matar da ke jiƙa shi a birnin Meksiko da uwargidan Umdurman abu ɗaya suke dubawa: launin da zai fito a ruwa, da tsamin da zai tsaya a harshe. Zoɓon da aka shanya a ƙasa ya kwashi yashi, ko aka tara shi da danshi ya yi fumfuna, ko aka yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi a sikeli, ko aka cakuɗa na bara da na bana, duk ya rasa waɗannan biyun tun kafin ya ga jirgin ruwa. Mun riga mun ɗanɗana kuɗarmu sau ɗaya. Wajen 2018 kasuwar Meksiko ta rufe ga zoɓon Nijeriya saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kaya, aka shafe shekaru ana fama, sai da aka kafa wuraren turara maganin ƙwari aka amince da sharuɗɗansu kafin kwantena ta sake wucewa. Waɗanda suka tara buhuna a sito a lokacin ba su manta ba.

Yaƙin Sudan ya shafi wannan ciniki kai tsaye. Dakarun RSF sun yi wa Al-Ubayyid ƙawanya kusan shekara biyu, sai a Fabrairun 2025 sojoji suka buɗe hanya, kuma bayan nan ma faɗan ya ci gaba a sassan Kurdufan, wato daidai inda ake noman. Manomi da ya gudu daga gonarsa ba ya tsinkar zoɓo, motar da ke biyan kuɗi a kowane shinge kafin ta kai Bur Sudan kuma ba ta iya gasa a farashi. Mai saye na ƙetare ba ya jira, inda kaya suke yake nufa. Ba muna murna da masifar 'yan'uwa ba ne, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna da dangi a Mai Wurno, Gadarif ko Damazin. Amma kamfanin da ya saba da na Rahad, in ya buɗe buhunmu da irin ma'aunin Rahad zai auna shi. Gwajin kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike. Dillali ya ɗebi tafi ɗaya daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, ya jefa a farin kofin gilashi da ruwa, ya ba shi minti goma. In ruwan ya yi ja mai duhu, ƙasan kofin ba yashi, ya kurɓa ya ji dasashinsa ya motsa, to kaya ne. In ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, ya tsufa ko ya sha danshi, komai arharsa.

Umdurman ɗin da muka buɗe zance da ita ta sha wuya. Tsohuwar kasuwarta ta lalace a faɗan, yammacin garin inda Gandahar da Muwailih suke ya daɗe a hannun RSF, sai a ƙarshen Maris na 2025 sojoji suka karɓe Kasuwar Libiya, kwanaki kaɗan bayan sun koma fadar shugaban ƙasa a Hartum. A watan Mayun shekarar kwalara ta ɓarke a birnin bayan an lalata tashoshin wuta da na ruwa, abin da ya sa muka nanata cewa ruwan jiƙon zoɓo sai an tafasa shi tukuna. Hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kafin ƙarshen 2025 mutum fiye da miliyan ɗaya sun koma Hartum. Waɗanda suka yi nisa kuwa sun tafi da sana'arsu. A unguwar Faisal ta Alƙahira, da Kampala, da Riyad, akwai gidajen abincin Sudanawa da aka rubuta agashe a allonsu, Misirawa da Larabawan Gulf na furta kalmar Hausa ba tare da sun sani ba. Alhajinmu da ya sauka a ɗaya daga cikin waɗannan birane, in ya shiga ya nemi shayyar garwashi, ya ce a kawo masa karkade sukari kaɗan, in kuma agashe ne ya ce aradeb.